Mu Sayar Da Gonar Gado Mu Yi Aikin Kwatangwalo, Ko Mu Jira Layi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, ranar Juma'ar da ta wuce ina fitowa daga masallaci a nan Gaya wani matashi daga wani ƙauye na ƙasar Ajingi ya tare ni, riƙe da hoton ƙashi a cikin leda. Ya ce: "Allah gafarta Malam, ƙanena ne mai sikila, shekararsa 24. Likita ya ce kan ƙashin kwatangwalonsa ya mutu, sai an sauya. A asibitin gwamnati an ce mu jira watanni, a asibitin kuɗi kuma an ce ko mako mai zuwa za a yi, amma miliyoyi ne. Ba mu da komai sai gonar da mahaifinmu ya bari, ba a raba ba, kuma akwai ƙannenmu ƙanana. Mu sayar ko mu jira?"

Na nemi izininsa in mai da amsar darasi, domin gidaje da yawa suna cikin irin wannan tsaka mai wuya. Ni ba likita ba ne, abin da ya shafi jiki daga masanansa na karɓa, nawa shi ne hukunci.

Da farko, mene ne aikin?

Kwatangwalo mahaɗa ce: kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu. Abu uku suka fi lalata ta. Akwai karaya, musamman ga tsofaffi. Akwai cinyewar guringuntsi saboda shekaru. Sai kuma yankewar jini daga kan ƙashin har ya mutu, wanda ke yawan samun masu sikila. A wajen aikin ana yanke kan da ya lalace, a dasa na ƙarfe, a sanya masa sabon gurbi. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita salon da ake bi a yau tun wajen 1962. Kayan dashen daga waje ake shigo da su, shi ya sa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin ya ƙara tashi. Kuma mu sani, a ƙasar nan ko asibitin gwamnati ma biya ake yi. Bambancin yana wajen yawan kuɗi da tsawon jira.

Mas'ala ta ɗaya: ya halatta a sa ƙarfe a jikin mutum?

Ya halatta. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ka ga zinare haramun ne ga namiji, amma lalura ta buɗe ƙofa. To ina ga ƙarfen da babu hani a kansa tun asali? Wannan mayar da gaɓa ne kan aikinta, bai shiga sauya halittar Allah ba.

Mas'ala ta biyu: jira tawakkali ne ko sakaci?

Wasu suna kafa hujja da hadisin matar nan mai farfaɗiya, a Bukhari da Muslim, wadda aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Hadisi ne ingantacce, sai dai ita ce ta zaɓa wa kanta. Ba ka da ikon zaɓa wa ƙanenka ko mahaifiyarka haƙuri alhali su suke kwana ba barci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin magani yana sauyawa da halin mara lafiya: wajibi ne idan barinsa zai kai ga mutuwa ko rasa gaɓa ko nakasa, mustahabbi ne idan rauni kawai zai jawo, makaruhi ne idan ana tsoron illarsa ta fi cutar.

Don haka tambayar da za ka fara yi wa likita ita ce: idan muka jira, me zai lalace? Tsohon da ya faɗi ƙashin ya karye, likitoci suna son a yi masa aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, domin doguwar kwanciya tana kawo gyambon kwanciya da daskarewar jini da ciwon huhu. A nan jira haɗari ne, kuma kai shi wajen mai ɗori ya kwana arba'in ba zai haɗa irin wannan karayar ba. Amma ciwon da ya ɗauki shekaru yana tafiya, sau da yawa ana iya jiran 'yan watanni da magani da sandar dogarawa, idan likita ya yarda. Wannan jiran ba laifi ba ne.

Mas'ala ta uku: kuɗin daga ina?

A nan ne ƙafa take zamewa. Gonar da ba a raba ba, ba ta babban wa ba ce shi kaɗai. Akwai haƙƙin marayu a ciki, kuma Suratun Nisa'i aya ta 10 ta yi narkon wuta ga masu cin dukiyarsu da zalunci. Kyakkyawar niyya ba ta halatta maka kyauta da rabon yaron da bai balaga ba. Hanya ita ce a fara raba gado a gaban alƙali ko malamin da aka yarda da shi. Mara lafiya ya sayar da nasa kason in ya so, manya su ba da nasu da daɗin rai, na yara a bar musu.

Bashin ruwa kuma, na banki ne ko na manhajojin waya, riba ce. Kada a yi gaggawar kiran lalura alhali ba a ƙwanƙwasa ƙofofin halal ba. Akwai bashi mai kyau daga dangi. Akwai zakka: malamai da yawa na wannan zamani sun tafi a kan cewa wanda ya kasa biyan maganin da yake matuƙar buƙata ya shiga cikin matalauta da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60. Manomanmu na Gaya da Ajingi, idan kaka ta yi kuka fitar da zakkar gero da dawa, ku tuna da irin waɗannan gidaje. Neman taimako ma ba abin kunya ba ne a nan: hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim ya halatta roƙo ga wanda talauci ya kama, har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Sharaɗi shi ne gaskiya: a faɗi ainihin kuɗin, in an samu ragowa a sanar da waɗanda suka bayar.

Mas'ala ta huɗu: sauri ba shi ne inganci ba.

Biyan kuɗi a asibiti mai zaman kansa halal ne, ijara ce kamar kowace. Amma ba da cin hanci don a tsallake da kai kan wanda ya riga ka a layin gwamnati zalunci ne. Sannan kafin ka biya, ka tambaya: wane likita zai yi aikin, ƙwararren likitan ƙashi ne? Kuɗin ya haɗa da jini da magani da gashin ƙashi? In ciwon ya ruɓa, wa zai ɗauki nauyi? Mai sikila yana buƙatar wurin da ke da ma'ajiyar jini da likitan jini a kusa. Kuma dashen yana tsufa, mai shekara 24 zai iya buƙatar wani aikin nan gaba. Wanda ya sayar da komai yau, da me zai tari gobe? Muna da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota ta Wudil zuwa Kano don jin ra'ayin likita na biyu ba asara ba ne.

Mas'ala ta biyar: salla bayan aiki.

A makonnin farko likitoci kan hana tsuguno da naɗe ƙafa da zama a ƙasa. Kada ka ce sai ka yi sujada. Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, Annabi (SAW) ya ba shi damar yin salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ka zauna kan kujera ka yi nuni har likita ya sake ka.

Abin da na faɗa wa matashin nan ke nan: "Ɗan'uwa, kada ku taɓa gonar nan tukuna. Ka koma wajen likita da waɗannan tambayoyi, ka dawo mu zauna da baffanninku a raba gado." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, amma fa yaron ba ya barci." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na yi magana da wasu masu hali a garin nan, kuma nake tunatar da ku: gidan da ya kai ga sayar da gonar marayu don magani, maƙwabtansa ma za a tambaye su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya hore mana halal. Allah Shi ne Mafi sani.