Darasi: Amanar Tsoho A Hannun Wanda Ba Ɗansa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi gidajen da ake ajiye tsofaffi a cikinsu, ana biyan wasu su kula da su. Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan, mu da tsofaffinmu ke cikin gida tare da jikoki? To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma akwai ƴaƴanmu da ke zaune a Turai, ko ba daɗe ko ba jima wannan tambaya za ta same su.

A ƙasar Faransa akwai irin waɗannan gidaje kimanin 7,500, ɗauke da tsofaffi wajen 600,000, da yawansu hankalinsu ya raunana saboda tsufa. Dangi ke biyan kuɗin ɗaki da abinci, hukuma kuma ta biya kuɗin jinya. A watan Janairu na shekarar 2022 wani ɗan jarida mai suna Victor Castanet ya fitar da littafi, Les Fossoyeurs, wato masu haƙa kabari, bayan ya yi kimanin shekaru 3 yana bincike a kan wani babban kamfani mai suna Orpea. Ya ba da labarin wani gida a Neuilly, unguwar attajirai a gefen birnin Paris, inda kuɗin wata ke farawa daga wajen yuro 6,500, wato sama da miliyan 4 na kuɗin sefa. Amma duk da wannan kuɗi, ma'aikata sun shaida masa cewa ƙunzugun da ake ɗaura wa tsoho ƙidaya shi ake yi, guda 3 a yini, ko da ya ɓata jikinsa fiye da haka. Ya ce abin da kamfanin ke kashewa a kan abincin mutum ɗaya a yini bai kai yuro 5 ba, kuɗin da bai wuce jaka 3 da ƴan kai ba, a ƙasar da kome ke da tsada.

Gwamnatin Faransa ta aika masu bincike, suka tabbatar da da yawa daga cikin zarge-zargen, har kamfanin ya yarda ya mayar da yuro miliyan 55.8 na kuɗin hukuma. A watan Maris na shekarar 2022 gwamnati ta yi alkawarin bincikar dukkan gidajen a cikin shekaru 2. A 2024 kamfanin ya sake suna, ya koma Emeis. A cikin watan Afrilu na shekarar kuma aka kafa doka mai ba kowane tsoho damar a ziyarce shi kullum, domin ba a manta da 2020 ba, lokacin annobar korona, da aka rufe ƙofofi, tsofaffi da yawa suka cika ba tare da wani nasu a kusa ba.

Ku lura da yadda ɓarnar ta shiga. Kuɗi ba su yi ƙaranci ba, gine-ginen kuma masu kyau ne. Abin da aka rasa shi ne ido. Wanda ake yi wa aikin ba ya iya kai ƙara, in ma ya faɗa sai a ce ruɗewar tsufa ce. Wanda ke biyan kuɗin yana nesa, takarda kawai yake gani. Mai gidan kuwa, duk ma'aikacin da ya rage da duk lomar da ya tsuke riba ce gare shi. Ma'aikaciya ɗaya da aka bar wa tsofaffi da yawa da safe, ko tana da tausayin uwa, dole ta yi wa kowa wanka da gaggawa, ta bar wani da yunwa domin hannunsa na rawa kuma ba ta da lokacin ba shi a baki. Saboda haka wanda ya tsaya ga zagin ma'aikata bai kai ga tushen cutar ba.

To, me Shari'a ta ce? Allah Maɗaukaki, a cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi ga bauta, kuma ya ambaci lokacin tsufansu musamman, ya hana ko da kalmar ƙosawa. A mazhabarmu ta Malikiyya, Risala ta Ibn Abi Zaid ta wajabta wa mai hali ciyar da iyayensa matalauta, Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya ƙara da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Daga nan muke fahimtar cewa ɗaukar wani ya yi wa iyaye hidima da lada halas ne, wani lokaci ma shi ne daidai, idan ciwon ya fi ƙarfin mutanen gida. Sai dai wakilci ba ya sauke amana daga wuyan mai ita. Wanda ya ba makiyayi kiwon shanunsa ai yakan je ruga ya duba ko sun rame. Uwa ba ta kai saniya ba ne?

Hukuma ma tana da nata rabo. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya ɗauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali. Masu tarihi sun ce Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sanya wa guragu masu hidima, makafi kuma ƴan jagora. A birnin Istanbul, Sarki Abdulhamid na Biyu ya buɗe gidan gajiyayyu, Darulaceze, a 1896, da masallaci da wuraren ibadar Kirista da Yahudu a cikinsa, kuma yana aiki har yau. Saboda haka gidan tsofaffi ba baƙon abu ne ga Musulmi ba. Aikin hisba, da ke duba mudu da sikeli a kasuwa, ya fi cancanta ya duba kwanon wanda ba ya iya magana.

Yanzu mu dawo gida. A Maradi da Damagaram da Tawa, samari sun tafi cirani Najeriya, Libiya da Aljeriya, suna aiko kuɗi. Tsohuwa tana ɗakin baya, an bar ta a hannun ƙaramar jika ko matar ɗa wadda aikin gida ya riga ya sha kanta. Hali ɗaya ne da na Neuilly: mai biya yana nesa, mai hidima ta gaji, mai haƙƙi ba ta da baki. Bambancin kawai, a nan babu ɗan jaridar da zai shiga.

Duk wanda ke da tsoho a hannun wani, a Turai ne ko a unguwarmu, ya riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, wani lokaci da asuba, wani lokaci lokacin cin abinci. Kada ya tsaya ga gaisuwa daga bakin ƙofa. Ya shiga, ya ji warin ɗakin, ya taɓa shimfiɗa, ya duba ko akwai ruwan sha inda hannun tsohon zai kai, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kuma zafin bazara kan kashe shi shiru. A Faransa, zafin watan Agusta na 2003 ya kashe mutum kimanin 15,000, akasarinsu tsofaffi. Wanda ya daɗe a kwance, a duba bayansa da ɗuwawunsa da dugadugansa. Idan fata ta yi ja ko ta canja launi, gyambo ne ke tafe, maganinsa kuwa a riƙa juya shi bayan kowane awa 2. A tambayi mai hidima abin da ya fi ƙarfinta, a biya ta kan lokaci, a sama mata mai canjinta.

Ga kwamitocin masallatai kuma: ku rubuta sunayen tsofaffin da suka daina fitowa jam'i a unguwarku. Ku sa maza biyu su riƙa zagaya maza, mata biyu kuma daga makarantar matan aure su shiga wajen mata, kowace Juma'a. Abin da suka gani su faɗa wa liman a asirce, shi kuma ya kira ɗan, ko yana Tamanrasat ne, ya gaya masa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.