Kafin Hadari Ya Haɗo, Zaga Ka Duba Gindin Katangarka

Wani magidanci daga Ƙofar Gayan ya tambaya ko hasashen yanayin da hukumar NiMet ke bayarwa a rediyo yana da amfani ga mai gidan ƙasa a cikin birnin Zazzau.

Malam, yana da amfani ƙwarai, in ka san abin da za ka saurara. Hukumar takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, sannan ta riƙa bayar da na kwana uku-uku. In an ce ruwa da iska mai ƙarfi, wanda ya fi zuwa a farkon damina da ƙarshenta, kwanon rufi ne abin tsoro: a ƙara ƙusa, a sare reshen da ya rankwafo kan ɗaki. In kuwa an ce ruwa zai jera kwanaki, marka ke nan, kuma ita ta fi damuna.

Ginin ƙasa daga gindi yake lalacewa. Ruwan indararo yana dukan wuri guda, kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwanta a lungu, tubali ya yi ta tsotsa har ya yi laushi alhali saman katangar yana nan kamar lafiya. Zaga da safe ka danna gindin katangar da yatsa. In ya lotsa, ko ka ga tsaga ta buɗe har tsinke yana shiga, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, ko ƙofa ta fara cijewa, a kwashe yara da tsofaffi daga ɗakin nan a ranar, kafin ma a kira magini. Mu tuna 11 ga Agusta, 2023, da wani sashe na Masallacin Juma'a na fada ya rufta kan masu sallar La'asar, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ahmad Nuhu Bamalli, ya ce an ga tsagar tun kwana guda kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Tsaga ba ta jiran shiri.

Sai tsawa. In ka ga walƙiya, ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙara, kusan kilomita 1 ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a shiga ɗaki, a bar gindin bishiya da jikin falwaya, kuma kada a fito sai an yi minti 30 ba a ji cida ba. Wayar wuta da ta faɗo cikin ruwa, kada kowa ya kusance ta ko da an ɗauke wuta.

Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe lantarki a jikinsa. Don Allah a daina jiran nono kafin a taɓa shi. In ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, a garzaya da shi Asibitin Gambo Sawaba, ga shi nan kusa da ku.