GILASHIN KYAMARA DA KWANCIYAR RAI



'Yan uwa, ranar Asabar bayan sallar Asuba wani matashi ya tsaya a masallaci har kowa ya watse. Shi ɗaukar hoton tsuntsaye ne abin da ya fi so a rayuwa. Duk hunturu sai ya tafi Dagona a jihar Yobe, cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka bayan sun ƙetaro Sahara daga Turai. Ya ce, "Malam, akwai gilashin kyamara mai janyo nesa kusa, mai milimita 600. So nake in sayar da filin da na gada in saye shi. Wallahi ranar da na riƙe shi raina zai kwanta."

Ba hukuncin hoto ya tambaye ni ba, wannan darasi ne na daban. Maganar kwanciyar rai ce ta tsayar da ni.

Na ce ya yi min bayanin kayan. Irin wanda ƙwararru ke riƙewa, na Canon ko Sony ko Nikon, kuɗinsa ya haura dala 12,000, nauyinsa wajen kilo 3. Akwai kuma na Sigma da Tamron da ke kai wannan nisan, kuɗinsu bai kai dala 2,000 ba. Mai tsadar ya fi shigar da haske, don haka yana aiki da duku-duku da gab da magariba, ya kuma fi saurin kama tsuntsu yana cikin tashi. Wannan amfani ne na gaske, ba abin rainawa ba.

Sai na tambaye shi, "A hotunanka wanne ka fi so?" Ya nuna min wata dinya a bakin ruwa. Da tsohon gilashinsa ya ɗauke ta, bayan ya yi awa 3 a ɓoye cikin ciyawa har ta matso da kanta. Ya ƙara da cewa idan rana ta take, iska ta fara rawa a kan ruwa, ko mai tsadar ba ya ba da hoto mai kyau daga nesa. Na ce, "Ɗan uwa, ai ka ba kanka amsa."

Ga abin da na gaya masa.

Na farko, sayen abu mai kyau da kuɗin halal ba laifi ba ne. Amma fili ne makomar iyalinka. Wanda ya ba ka amana kan ci da shan su zai tambaye ka.

Na biyu, daɗin sabon kaya ba ya daɗewa. Ni kaina ina ɗalibi na yi wata 6 ina tara kuɗin wani sharhin hadisi mai mujalladai da yawa. Na saya, na jera, na yi ta kallo. Kafin sati biyu idona ya koma kan wani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ke koya mana cewa a zuci wadata take. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Na uku, bincika niyyarka. Tsuntsun kake so, ko yabon mutanen Facebook? A Suratul Mulk, aya ta 19, an ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye a samanmu, mu tuna Wanda ke riƙe da su. Wannan kallon da ido kawai ake yinsa, talaka da mai kuɗi duk sun mallake shi.

Na ce masa ya ari irin gilashin ko ya yi hayarsa na sati guda. In aikinsa ya nuna yana buƙata, ya tara a hankali daga abin da yake samu, ba bashi, ba taɓa fili, sannan ya yi istihara.

Kowannenmu yana da nasa gilashin: waya, mota, shadda. Kafin ka biya, tambayi kanka, wanda ka saya bara yana ina a zuciyarka yau?

Allah ya azurta mu da wadatar zuci. Wallahu a'alam.