Wayar Hannu da Tsaron Kai a Inda Babu Intanet

Jama'a da yawa suna tsammani idan data ta ƙare, ko aka shiga daji inda intanet ba ta kaiwa, wayar hannu ba ta da sauran amfani wajen neman agaji. Wannan kuskure ne, kuma yana iya jawo asarar rai.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, rashin intanet daban, rashin sabis daban. Muddin akwai sabis, ko da sanda ɗaya ne, kira da gajeren saƙo suna tafiya ba tare da data ba. A kan wannan ne manhajojin tsaro masu aiki ba intanet suka dogara. Mutum zai sa musu lambobin 'yan'uwansa tun yana gida. In hatsari ya taso sai ya danna, su aika da saƙo ɗauke da inda yake. Lalle ne a bar ɗan kuɗi a layi, domin saƙon ba kyauta ba ne. Kiran 112 kuwa, watau lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ne. Wayoyin Android da yawa suna iya yin kiran gaggawa idan aka danna maɓallin kunnawa sau 5 a jere, amma fa sai mai wayar ya duba saitinta tukuna.

To, ta yaya waya take sanin inda mutum yake? Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da ƙasa, kullum suna aiko da sigina. Wayar saurare kawai take yi. In ta ji aƙalla 4 sai ta lissafa wurinta. Ba ta bukatar data ko sabis, sai dai sararin sama. Cikin ɗaki ko ƙarƙashin kwano tana iya daɗewa ba ta samu ba, saboda haka a fito fili a ɗan yi haƙuri. Taswira kuma dole a sauke ta tun akwai intanet, kamar yadda Google Maps ke ba da dama.

Amma kada a ruɗi kai. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kira da saƙo duk sun tsaya. A irin wannan hali wayar za ta nuna maka inda kake, ba za ta gaya wa kowa ba. Manhajoji masu amfani da Bluetooth, irin su Bridgefy, ba su wuce kimanin mita 100 tsakanin waya da waya, kuma sai ɗayan ma yana da manhajar.

Don haka matafiyi ya faɗa wa iyalinsa hanyar da zai bi da lokacin da ya kamata ya isa, ya cika batir, ya kuma rubuta lambobi biyu ko uku a takarda ya sa a aljihu daban da na wayar.