Tsinkewar Jijiyar Ƙwanji Ba Targaɗe Ba Ce

Akwai wani nau'in majinyaci da zuwansa ya fara damuna ƙwarai. Magidanci ne mai shekara arba'in da wani abu, makaniki ko ɗan dako ko magini, wani lokacin kuma matashi mai ɗaga ƙarfe. Zai zauna ya naɗe hannun riga, sai ka ga ƙwanjinsa ya dunƙule ya haura sama, wajen gwiwar hannu kuma ya lotsa. Ka tambaye shi yaushe abin ya faru, ya ce, "Likita, an kusa wata uku." Ka ce ina ka tsaya? Ya ce ai an ce masa targaɗe ne. Mai ɗori ya ja hannun, an yi ta gashi da ruwan zafi, an mulke da man zafi, wanzami ma ya yi ƙaho don a fitar da mataccen jini. Labarin kusan ɗaya ne kullum, kuma kullum a makare ake zuwa.

Bari in faɗa ba kwana-kwana. Wannan dunƙulen ba jini ba ne ya taru, ba kuma nama ba ne ya goce da za a murza ya koma. Jijiyar da ke ɗaure tsokar ƙwanji da ƙashi ce ta tsinke, tsokar ta tattare kamar robar da aka ja aka saki. Ba na raina masu ɗori, amma wannan ba hurumin ɗori ba ne. Babu ja ko murzar da za ta mayar da tsinkakkiyar jijiya jikin ƙashi ta waje.

Tsokar ƙwanji tana da jijiya biyu a sama wajen kafaɗa, doguwa da gajera, sai guda ɗaya tak a ƙasa wadda ke manne da ƙashin sangalin hannu. Daga nan dukkan hukunci yake fitowa. In doguwar ta sama ce ta tsinke, kuma ita ce ta fi yawan tsinkewa nesa ba kusa ba, gajerar tana nan riƙe da tsokar. Dunƙulen zai sauko wajen gwiwar hannu, hannun zai ci gaba da aiki. Wannan ya fi samun dattawa da jijiyarsu ta daɗe tana cinyewa. In kuwa ta ƙasa ce, babu mai riƙe mata. Dunƙulen sama yake haurawa, kuma ita ce matsalar da nake magana a kai.

Yadda take faruwa sananne ne: mutum ya tallabi kaya mai nauyi, buhun siminti ko injin mota ko janareta, hannu a lanƙwashe, kayan ya suɓuce ya miƙar da hannun da ƙarfin tsiya. Sai a ji ƙas a gaban gwiwar hannu, zafi ya biyo baya, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya kumbura ya yi duhu. Shan taba yana ninka haɗarin sau da yawa. Haka allurai da ƙwayoyin ƙara girman tsoka da samari ke saye a ɓoye, da yawan allurar kashe kumburi a gaɓa. Magunguna irin su ciprofloxacin, da ake sha barkatai da sunan taifod, su ma an san suna raunana jijiyoyi.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne, "Ai ina iya lanƙwasa hannuna, da ta tsinke ai ba zan iya ba." Za ka iya mana. Akwai wata tsoka a ƙarƙashin ƙwanji da ke yin mafi yawan aikin lanƙwasawa. Babban aikin ƙwanji shi ne juya tafin hannu ya kalli sama da ƙarfi: murɗa sukudireba, ɗaure noti, buɗe kwaɗo mai tauri, matse wanki. Wanda jijiyarsa ta ƙasa ta tsinke aka bar ta haka, yakan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin wannan juyi, da kusan kashi 30 na ƙarfin lanƙwasawa, kuma hannun ya riƙa saurin gajiya. Ga ma'aikacin ofis wannan abin haƙuri ne. Ga makaniki ko kafinta kuwa, abincinsa ne aka taɓa.

Yaudara ta biyu ita ce lafawar ciwo. Bayan mako ɗaya ko biyu zafin yana raguwa da kansa, ko an yi magani ko ba a yi ba. Sai mutum ya ce Alhamdulillahi gashin ya karɓe shi. Alhali a daidai wannan lokacin jijiyar tana ƙara janyewa sama, tana ƙanƙancewa, tabo yana cike hanyar da za a bi a dawo da ita.

A nan nake so a tsaya a saurare ni. Mafi kyawun lokacin ɗinke jijiyar ƙasa shi ne cikin mako biyu zuwa uku na farko. A wannan tsakanin aikin kai tsaye ne: a jawo ta, a ɗaure ta a mazauninta a jikin ƙashi. In aka wuce wata ɗaya da rabi ko biyu, sau da yawa ba ta ƙara kaiwa, sai an yanko wata jijiya daga wani sashe na jiki an yi ƙari. Aikin ya fi tsawo, ya fi tsada, haɗarinsa ya fi yawa, sakamakon kuma ba ya kai na farko. Mako uku nake cewa, ba wata uku ba. Duk ranar da ka ƙara kana jiran a ga abin da hali zai yi, zaɓinka ne yake raguwa. Tun ran gini ran zane.

Laifin kuma ba na majinyata kaɗai ba ne. Da yawansu sun je ƙaramin asibiti tun kwanan farko. Aka tura su hoton ƙashi, hoto ya fito lafiya lau, aka ce babu karaya, aka rubuta diclofenac aka sallame su. Jama'a, hoton ƙashi ba ya nuna jijiya! Ga gwaji nan da ba ya cin ko kwabo: majinyaci ya lanƙwasa hannu ya juya tafi sama, ma'aikacin lafiya ya sa ɗan yatsa ta gefen waje ya laluba ko zai maƙalo jijiyar a gaban gwiwar hannu. In babu abin maƙalowa, ta tsinke. Minti ɗaya bai cika ba. Abin takaici ne mutum ya rasa ƙarfin hannunsa don ba a taɓa shi da yatsa ba. In akwai shakka, sikanin ko hoton MRI zai raba gardama.

To me za ka yi in ta same ka? Ka ajiye aiki, ka rataye hannun, ka ɗora ƙanƙara naɗe a tsumma na minti 15 zuwa 20 sau da dama a yini, ka sha maganin ciwo. Kada a ja, kada a gasa, kada a tsaga. Sannan cikin makon nan ka ga likitan ƙashi, ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ko a asibitin koyarwa ko babban asibitin da ya fi kusa da kai. Ka faɗa musu ranar da abin ya faru tun a wajen yankar kati.

Wajen zaɓi kuwa, ba kowa nake tura wa tiyata ba. In ta sama ce, yawanci hutu da motsa hannu a wajen likitan gashin ƙashi sun wadatar. Dunƙulen ba zai ɓace ba, amma ba ya cutarwa. Ana yin aiki ne ga matashi mai aikin ƙarfi ko wanda tsokar ke yawan ɗaure masa. In ta ƙasa ce, dattijon da ya ajiye aikin ƙarfi, ko mai ciwon zuciya ko sukarin da bai daidaita ba, ko wanda ba hannun aikinsa ba ne, yana iya zaɓar ya zauna haka da saninsa. Mai ƙarfi a jika da ke ci da hannunsa, shawarata a yi aikin.

Tiyatar ma tana da nata. Wasu sukan ji dindiris a gefen sangalin hannu, wanda yawanci yake wucewa cikin watanni. Jijiyar tana buƙatar wata uku zuwa huɗu kafin ta kama ƙashi sosai, aikin nauyi kuma sai wajen wata huɗu zuwa shida. Wanda ya koma ɗaukar kaya a wata na farko don yana jin sauƙi, shi ya warware aikin da hannunsa. Mai shan taba ya ajiye ta, domin tana hana jijiya kamawa.

Na san kuɗin aiki da zaman wata huɗu ba sana'a ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai iyali. Amma ka yanke wannan shawara a gaban likita tun da sauran lokaci. In ka ji ƙas a hannunka ka ga ƙwanji ya sauya wuri, ɗan'uwa, ka nemi likitan ƙashi cikin makon, kafin ka nemi kowa.