Shin Dutse Zai Faɗo wa Najeriya Daga Sama a 2032?

Tambaya: Wani saƙo na yawo a WhatsApp cewa ƙaton dutse zai faɗo daga sararin samaniya a 2032, wai har da Najeriya cikin inda zai iya sauka. Gaskiya ne? Kuma ta yaya ake sanin haka? Daga wani mai karatu a Arkilla, Sakkwato.

Amsa: Labarin yana da tushe, sai dai ya tsufa. Dutsen shi ne 2024 YR4, wanda wani madubin hangen nesa a ƙasar Chile ya hango a Disamba 2024. Faɗinsa kusan mita 60. A Fabrairu 2025 masana sun ce yiwuwar ya bugi duniya ranar 22 ga Disamba 2032 ta kai kashi 3 cikin 100, kuma layin da aka zana na inda zai iya sauka ya ratsa Najeriya. Bayan 'yan kwanaki aka ƙara auna shi, lissafin ya sauko kusan sifili. Labarin tsoron ne ya yi ƙafa, na kwanciyar hankalin bai bi shi ba.

Tashi da saukar wannan adadi shi ke rikita mutane, har wasu su ce ana ɓoye wani abu. Ba haka ba ne. Idan aka fara ganin dutse, ɗan guntun tafiyarsa kawai aka gani, don haka ba a san takamaiman hanyarsa ba, sai dai a ce zai wuce ta wani yanki mai faɗi wanda duniya ke cikinsa. Ɗauka tunkiya ta ɓace, aka ce ta shiga ɗaya daga gidaje 100 na unguwarku, naka na ciki. Aka duba 70 ba ta nan. Yanzu zaton tana gidanka ya ƙaru, daga ɗaya cikin 100 zuwa ɗaya cikin 30, alhali tunkiyar ba ta motsa ba. Da aka leƙa gidanka ba a same ta ba, zance ya ƙare. Haka kowane sabon awo ke tsuke yankin, har duniya ta fita daga ciki. Abin da ya faru da wani dutsen mai suna Apophis ke nan, mai faɗin mita 340, wanda ya tayar da hankali a 2004.

Faɗowar ƙananan duwatsu kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka gano ɓallin duniyar Mars ne. A Janairu 2008 ma wani na ƙarfe ya faɗo da dare a nan Sakkwato.

A ganina, waɗanda ba a hango ba su ne abin kula. Na Chelyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairu 2013, bai wuce mita 20 ba, ya zo ta wajen rana babu wanda ya gan shi. Mutane kusan 1,500 suka ji rauni, yawanci daga gilashin tagogi, domin sun je leƙen hasken kafin ƙarar fashewarsa ta iso. In kuwa an hango da wuri, akwai dabara: a Satumba 2022 hukumar NASA ta kai wa dutsen Dimorphos karo da kumbo, ta sauya masa tafiya.

Don haka, Malam, kada ka tura saƙon gaba. In ka taɓa ganin haske mai tsanani a sama, ka janye iyali daga tagogi. Ranar 13 ga Afrilu 2029 kuma Apophis zai wuce a nisan kilomita 32,000, ba zai taɓa mu ba, kuma ana sa ran a Afirka za a gan shi da ido, in Allah ya kai mu.