Motar Gas Ta Ƙi Tashi da Safe? Kar a Fara da Murɗa Regileta

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu tsofaffin motoci, musamman 'yan haya, suke ta kawo su a sa musu gas ɗin LPG. Ƙorafin da na fi ji a gareji yanzu shi ne: "Oga, da safe sai an tura ta." Kafin motar ta iso hannuna kuwa, an riga an yi ta murɗa saitin regileta har ya rikice. Don Allah a daina. Galibi ciwon yana wani wuri daban.

Wuta ake fara dubawa. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, sai da tartsatsi mai ƙarfi. Fulogin da zai lallaɓa da fetur, a gas kasawa yake yi. A duba fulogi, a rage tazarar bakinsa zuwa kamar milimita 0.7 ko 0.8, a duba kwayil da wayoyi. Ka buɗe bonet da dare inji na aiki: in ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikin wayoyin, sun gama yayi. Batir ma da muhimmanci, domin mota mai kafireta irin su Peugeot 504 da zuƙar inji take jawo gas. In kik yana juyawa a kasale, gas ɗin ba zai iso ba.

Na biyu, ruwa. A cikin tanki gas ruwa ne, regileta ce ke mayar da shi iska, kuma da zafin ruwan lagireto take wannan aiki. In ruwan ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale a tiyo, regileta daskarewa take yi. Za ka ga farar ƙanƙara ta lulluɓe jikinta, motar ta tashi ta mutu. Taɓa tiyo biyun da ke kai mata ruwa bayan inji ya ɗumama. Dole dukansu su yi zafi. Al'adarmu ta cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi tana ƙara dagula lamarin, domin da sanyin hunturu injin yakan daɗe bai ɗumama ba.

Na uku, fetur. Mota mai nozul da fetur take tashi, sai ruwa ya kai zafin digiri 30 zuwa 40 ta koma gas. Wanda ya bar tanki a bushe yana ƙona famfon mai, wanda ya bar tsohon mai wata da watanni yana toshe nozul. A riƙa barin aƙalla rubu'in tanki, ana kuma tafiya da fetur lokaci-lokaci.

Na huɗu, bawul. Gas busasshe ne, mazaunin bawul a tsohon inji yakan ci a hankali, tazara ta tsuke, matsin inji ya ragu. A riƙa auna tazarar bawul a kan kari, kafin abin ya kai ga sauke kan inji.

Sai an gama da waɗannan ake zuwa ga regileta. Robar cikinta kan ƙandare, baƙin maiƙo mai wari ya taru a gindinta, matatar gas ta toshe. Wani lokaci kuma makullin gas ba ya rufewa sosai, gas ya kwana yana tsiyaya cikin inji, da safe ya shaƙe shi. Alamarsa warin gas a gidan matatar iska.

A kula da rai fiye da mota. LPG ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya taru a rami ko rufaffen gareji. Da ruwan sabulu ake neman yoyo, ban da ashana. Kar a cika tanki fiye da kashi 80 cikin 100, kar kuma a ɗaura tukunyar gas ta girki a but. In ka ji wari, kashe mota, rufe bakin tanki, ka kira wanda ya koyi aikin gas.